RA'AYINMU: Iyaye, A Zauna A Ga Aikin Yaro Kafin A Yanke Masa Hukunci

A DUK lokacin da aka ba da hutu, ɗalibai suka dawo gida daga jami'o'i da kwalejoji, akwai wata 'yar rigima da takan tashi a gidaje da yawa, wadda iyayenmu ba su san irinta ba a zamaninsu. Yaro ya dawo da jakarsa, ya rame saboda shan gari da ƙuli-ƙuli, uwa ta tuƙa masa tuwo da miyar kuka ya ci ya ƙoshi, ƙanne sun kewaye shi ana ta murna. Amma dare ya raba, kowa ya yi barci, sai maigida ya fito zagayawa wajen ƙarfe biyu, ya hangi haske a ɗakin samari. Da ya leƙa sai ya tarar da yaron a zaune, ya sunkuya a kan kwamfuta yana ta danne-danne. Daga wannan dare hankalin uba ba zai sake kwanciya ba, domin abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne, shi ke nan, yarona ya shiga 'yan Yahoo.

Mun sha jin wannan kuka daga bakin iyaye, mun kuma sha jin kukan 'ya'yan, waɗanda ke cewa suna ƙoƙarin koyon sana'a ne amma ana yi musu kallon ɓarayi a cikin gidan ubansu. Wasu gidajen ma har an daina gaisuwa ta kirki tsakanin uba da ɗa a kan wannan magana. Saboda haka muka ga ya wajaba a wannan mako mu tsaya a kan batun, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Da farko dai, ba za mu ce tsoron da iyaye suke ji ba shi da tushe ba. Zamba ta intanet gaskiya ce, kuma ta cinye samari masu yawa. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ta sha kama ɗalibai a garuruwan da ke da manyan makarantu tana gurfanar da su a gaban kotu. Dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, zai kuma iya kai shekara 20, ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiyar wani ta hanyar yaudara. Bayan ita kuma ga dokar laifuffukan intanet ta 2015. Uban da ya sayar da buhunan masara ko ya ci bashin adashi ya biya kuɗin makaranta, yana da dalilin jin tsoron kada wahalarsa ta ƙare a ƙofar gidan yari, sunan gidansa kuma ya ɓaci a gari.

To, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Don wasu sun yi sata da kwamfuta, bai kamata duk yaron da aka gan shi da ita ya zama abin zargi ba. Gaskiyar magana ita ce, ɗalibin yau ba shi da hanyar kauce wa wannan na'ura ko da ya so. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, kuma daga 2015 ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta wannan hanya baki ɗaya. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024, inda ta fara da masu zana jarrabawa don kansu. Idan yaro ya samu shiga makaranta, ta intanet zai biya kuɗi, ta nan zai yi rajistar darussa, ta nan zai nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ta nan kuma zai duba sakamakonsa. Takardun darasi da sanarwar sauyin lokacin lacca duk ta WhatsApp suke zuwa. Mun ga yara masu ƙoƙari daga ƙauyukanmu waɗanda ranar jarrabawa ce ranar farko da suka taɓa zama a gaban kwamfuta, hannu na rawa, lokaci na tafiya, amsa tana cikin kai amma ba su san inda za su danna ba. Uban da ya hana ɗansa kusantar na'urar da sunan kare shi, irin wannan rana yake shirya masa ba tare da ya sani ba.

Batun zaman dare kuwa, yana da dalilinsa. A unguwanni da yawa sai tsakar dare ake kawo wuta, kamfanonin waya kuma suna sayar da data ta dare da rahusa, sannan a lokacin ne sabis yake fi ƙarfi saboda jama'a sun kwanta. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ɗalibin da ke lallaɓa kuɗin abincinsa ya ƙara komawa ga dare domin sauke darussan bidiyo. Da rana kuwa yana layi a shagon mai caji. Saboda haka haske a ɗakin yaro da ƙarfe biyu bai isa shaida ba.

Ɗaya daga cikin sana'o'in da ɗalibai suka fi rungumar koyo a 'yan shekarun nan ita ce ta tsara shafin intanet. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya zaunar da dubban matasa a gida. Wasu suka tafi gona, wasu suka kama ɗinki ko gyaran waya, wasu kuma suka ari kwamfutar wa ko ta aboki suka fara koyon wannan aiki. Tun da yake yawancin iyaye ba su taɓa ganin yadda ake yinsa ba, bari mu ɗan yi bayani a taƙaice.

Wani masani ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee shi ne ya ƙirƙiro tsarin shafukan nan a 1989, lokacin yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a ƙasar Suwizalan. Shafi na farko ya fito fili a 1991, sannan a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta, kowa ya yi amfani da ita ba tare da biyan ko kwabo ba. Wannan shi ya sa yaron da ke Zonkwa ko Biliri ko Mubi yake iya koyon aikin da irin kayan da takwaransa na Amurka yake koyo da su.

Wanda ya san aikin tela zai gane wannan sana'a da sauƙi. Tela yakan fara da awo da yanka, ya haɗa gaba da baya da hannuwa. A aikin shafi, wannan mataki shi ake yi da rubutun da ake kira HTML, wanda ke faɗin ina kan magana yake, ina hoto zai zauna, ina jerin farashi zai shiga. Bayan haka tela yakan yi surfani da ado a wuya da aljihu, wannan kuma shi ne aikin CSS, mai kula da launi da girman haruffa da yadda shafi zai zauna daidai a fuskar babbar kwamfuta ko ƙaramar waya. Daga ƙarshe sai a sa maɓalli da zik, wato abubuwan da ke motsi, waɗanda a shafi ake yinsu da JavaScript, domin idan mutum ya danna wuri a karɓi saƙonsa ko a lissafa masa kuɗin kayan da ya zaɓa. Idan an gama, sai a yi wa shafin rajistar suna, wanda ake sabuntawa shekara-shekara kamar lasin, kuma a nan ƙasar ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng. Sai kuma a kama masa hayar wurin zama a wata babbar na'ura da ba ta kwana, kamar yadda ake kama hayar shago a kasuwa. Akwai kuma kayan aiki irin su WordPress, wanda ya fito a 2003, da ke ba mai koyo gini da aka riga aka ɗora, shi kuma ya gyara shi daidai da bukatar mai aiki.

Su wa ke ba da irin wannan aiki? Makarantu masu zaman kansu, da ƙananan asibitoci, da otal-otal, da masu sayar da kayan gona ko atamfa, da ƙungiyoyin taimakon jama'a. Mai aikin kirki a wannan yanki namu shi ne wanda ya san cewa yawancin masu buɗe shafin da ƙaramar waya za su buɗe shi, a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, da datar da aka saya da kuɗin cefane. Don haka ba zai cika shi da manyan hotuna masu cin data ba, zai sa lambar waya da farashi a inda ido zai fara sauka, idan kuma da Hausa ne zai tabbatar haruffan nan masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ, sun fito daidai, kada ƙafa ta koma kafa. Wannan aiki ne na hankali da haƙuri, kuma a da can haka iyayenmu suka tura yara koyon tafireta suka zama akawu, ba wanda ya ce sun lalace.

Yanzu sai mu zo ga tambayar da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya: ta yaya wanda bai iya kwamfuta ba zai rarrabe tsakanin mai koyon sana'a da mai zamba, alhali dukansu a gaban na'ura ɗaya suke kwana? Amsar da muke da ita mai sauƙi ce. Aikin gaskiya ana iya nuna shi. Tela yana da rigar da ya ɗinka, kafinta yana da kujerar da ya haɗa, mai tsara shafi shi ma yana da shafin da ya gina, mai suna, wanda kowa zai iya buɗewa a wayarsa, da kuma mutumin da ya ba shi aikin, wanda ake iya kira a gaisa. Mai zamba ba shi da abin nunawa sai kuɗi.

A wani gida da muka sani, maigidan tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, 'yarsa kuma tana karatu a kwalejin kimiyya da fasaha. Ya yi makonni yana ɗaure mata fuska saboda maganganun maƙwabta, har ya fara tunanin kulle kwamfutar a akwatinsa. Matarsa ce ta ba shi shawara ya tambayi yarinyar tukuna. Da yamma bayan an ci abinci ya jawo kujera ya ce, "Ɗiyata, zo ki nuna mini abin da ke hana ki barci." Ta ce, "To, Baba," ta ɗauko ta buɗe. Ashe shafi take yi wa wata makarantar yara da ke bayan layinsu. Ta nuna masa hoton ƙofar makarantar da ya sani, ta canza launin rubutu a gabansa daga baƙi zuwa shuɗi ya gani da idonsa. Yana cikin dubawa sai ya ce, "Tsaya, wannan jimlar ba daidai take ba." Tsohon malami ya ga kuskuren Turanci har guda uku. Daga ranar shi ne mai duba mata rubutu kafin ta miƙa aiki, da aka biya ta kuma ta sayo wa gidan sukari da sabulu. Gani ya kori ji. Da ya kulle na'urar nan, da ya yi asarar sana'ar 'yarsa, ya kuma yi asarar amincewarta, wadda ta fi sana'ar wuyar dawowa.

Wannan zama da muke kira a yi, shi ne kuma zai tona asirin wanda ya kauce. Ga alamun da ya kamata su tayar wa iyaye da hankali: yaron da ke saurin rufe kwamfuta ko kife waya da zarar babba ya shigo, wanda ke da layukan waya barkatai da sunaye daban-daban, wanda kuɗi ke shigo masa da yawa amma ba zai iya faɗin wane aiki ya yi ko wa ya yi wa ba, da wanda ke roƙon a ba shi lambar asusun uwa ko na ƙanwa wai za a turo masa saƙo. A nan muna jan kunnen iyaye mata musamman. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, kowane asusu yana ɗaure da sunan mai shi da hotonsa da zanen yatsunsa. Idan kuɗin zamba ya faɗa asusunki, ƙofarki za a fara ƙwanƙwasawa. Kuma abin kunya ne ƙwarai a ce uwa ta karɓi zani mai tsada ko uba ya karɓi babur daga hannun ɗalibin da bai gama makaranta ba, ba tare da an tambaye shi inda ya samu ba. Wanda ya ci ya yi shiru, da shi aka yi.

Ku kuma ɗalibai, muna da magana da ku. Kada ku raina iyayenku don ba su san abin da kuke yi ba. Wanda ya biya kuɗin kwamfutar yana da ikon ganin abin da ake yi da ita. Maimakon ka ce, "Baba, ba za ka gane ba," zauna ka yi bayani da harshen da zai fahimta, domin wanda ya kasa bayyana aikinsa ga mahaifinsa da wuya ya iya bayyana shi ga mai ba shi kwangila. Na biyu, kada ɗan kuɗin da aka fara samu ya sa a yi watsi da aji. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, na'ura da kanta tana iya rubuta ƙaramin shafi cikin 'yan mintoci, don haka wanda iyakar iyawarsa kwafa da liƙawa, kasuwarsa tana ƙara tsukewa. Wanda zai daɗe a sana'ar shi ne wanda ya fahimci abin da yake rubutawa, ya iya lissafi da rubutu mai kyau, ya iya sauraron mai aiki, ya kuma cika alkawari a kan lokaci. Na uku, ku sani aikin nan amana ne. A jarrabawar JAMB ta 2025, kuskuren na'ura ya shafi sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi gafara cikin hawaye, aka sake musu jarrabawa. Ƙaramin sakaci a wannan fage yana iya jefa dubban gidaje cikin baƙin ciki. Wanda aka ba sunayen 'yan makaranta ko bayanan marasa lafiya ya sa a shafi, dole ya riƙe su kamar yadda zai riƙe sirrin gidansu.

Akwai wani rashin adalci da muke gani a gidajenmu wanda ba za mu yi shiru a kai ba. Idan kwamfuta ɗaya ce a gida, ta ɗa namiji ce. Yarinya tana wanke-wanke da ɗebo ruwa da raino, sai ta gaji liƙis sannan a ce ta taɓa na'urar na ɗan lokaci, idan ma an yarda. Alhali kuwa jarrabawa ɗaya za su zana, kuma sana'ar nan ba ta bukatar ƙarfin damtse, ana iya yinta a cikin ɗaki, matar aure ma tana iya ci gaba da ita. A raba lokacin na'ura da adalci, a kuma raba aikin gida da adalci.

Ga hukuma kuwa, muna tunatar da jami'an tsaro cewa ɗaya daga cikin koke-koken da suka haddasa zanga-zangar EndSARS a watan Oktoban 2020 shi ne tare matasa a hanya ana bincike musu waya da kwamfuta ana tatsar kuɗi, kuma a wancan wata babban sufeton 'yan sanda na lokacin ya ba da umarnin a daina. Jakar kwamfuta a bayan ɗalibi ba shaidar laifi ba ce, a binciki mai laifi bisa doka, a bar mai neman na kansa ya wuce. Haka nan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da niyyar horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha abu ne mai kyau, amma amfaninsa ga yaran karkara ya dogara ne a kan wuta da sabis. Gwamnatocin jihohi su tabbatar kowace makarantar sakandare tana da ɗakin kwamfuta mai aiki da hasken rana, wanda yara ke shiga da gaske. Kwamfutocin da aka lulluɓe da leda ana jiran ranar da baƙi za su zo ba su koyar da kowa komai.

Mu ma jama'a muna da namu rabon, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai da zumuntar mata da ta matasa suna iya haɗa kuɗi a sayi kwamfuta biyar ko shida ko da na hannu ne, a sa a ɗakin taron da ke zama a kulle daga Litinin zuwa Juma'a, a roƙi ɗaliban da suka zo hutu su koya wa ƙannensu 'yan aji biyar da shida na sakandare. Idan ana koyo a fili, a gaban manya, da rana tsaka, zargi zai ragu, mai niyyar ɓata yara kuma ba zai sami ƙofa ba. Sannan masu shaguna da makarantu a cikinmu, idan kuna bukatar shafi ku fara duba yaran unguwa, ku kuma biya su haƙƙinsu. Kada a ce ai ɗanmu ne, a sallame shi da "Allah ya yi albarka" kaɗai. Yaron da ya ga guminsa yana kawo masa abin sayen sabulu, da wuya ya saurari masu yi masa raɗar hanyar banza.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a tanƙwara shi daga nesa. Muna roƙon kowane uba da kowace uwa, kafin wannan hutu ya ƙare yara su koma, a sami yamma ɗaya a jawo kujera, a ce wa yaro ya buɗe ya nuna abin da yake yi, wa ya ba shi aikin, nawa aka biya shi. Idan aikin kirki ne a sa masa albarka, a taimaka masa da kuɗin data idan da hali. Idan kuwa aka ga alamar karkata, gara a ji daga bakinsa a tsakar gida yau, da a ji daga bakin mai gabatar da ƙara gobe. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yan wannan zamani, ya kuma sa albarka a aikin hannuwansu. Amin.